Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Kakata ta wajen uba tana da wani zaren murjani da take ɓoyewa a ƙasan adudu, a naɗe cikin tsumman saƙi. Ba ya ganin rana sai za a kai wata jikarta ɗakin miji, a rataya wa amarya shi kwana bakwai, sannan ya koma ma'ajiyarsa. Mun tashi muna ɗaukarsa dutse, ɗan'uwan tsakiya da sauran duwatsun wuya. Sai da karatu ya yi nisa na san cewa ƙashin wata dabbar teku ne, kuma fatake ne suka riƙa ratso Sahara da irinsa daga Bahar Rum, ta Tarabulus da Gadamas, har kasuwar Kurmi, daga nan 'yan koli suka bazu da shi cikin ƙauyukanmu na ƙasar Jahun. Ita kuwa mai zaren, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na fadamar Harbo faɗi ba.

Shi wannan jan murjani na ado maƙi-jama'a ne. A cikin duhun koguna da zurfin teku yake zaune, yana cin abin da igiyar ruwa ta kawo masa, ba ya tarayya da kowa. Danginsa da nake son magana a kansu su ne magina, waɗanda ke zaune a ruwa mai ɗumi marar zurfi, inda hasken rana ke kaiwa. Kowane ɗayansu 'yar halitta ce mai taushin jiki, a yawancin iri ba ta wuce ƙwayar dawa ba, baki guda da 'yan hannuwa kewaye da shi. Tana tsotso sinadarai daga ruwa ta gina wa kanta ɗan ƙoƙo na alli, irin abin da aka yi ɓawon ƙwai da gidan katantanwa da shi. In ta mutu 'ya'yanta su ɗora gini a kan nata, haka har tsawon dubban shekaru, sai ga ganuwa a cikin teku. Wadda ke gabar Ostireliya ta kai kilomita 2,300. Alhazanmu na ƙafa da suka bi ta Sudan sun ga aikin waɗannan magina ko da ba su san sunansu ba, domin gidajen Sawakin inda suke jiran jirgin ruwa, da na tsohon garin Jidda inda suke sauka, da tubalin murjani aka gina su.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, ruwan da waɗannan ganuwoyi ke tsirowa a ciki garau yake, ba abinci a cikinsa sai kaɗan, kamar jigawar da ba ta ga taki ba. To da me 'yar wannan halitta ke samun ƙarfin gina birni? Amsar tana cikin naman jikinta. Akwai wata irin gansakuka mai ƙwayar rai guda, wadda ido ba ya gani, da ke zaune miliyoyi a cikin ƙwayoyin jikin murjanin. Ita tana da baiwar tsiro: da hasken rana take dafa abinci, kuma mafi yawan abin da ta dafa maigidanta take miƙa wa, har yakan kai kashi 90 cikin 100 na abin da yake bukata. Shi kuma ya ba ta ɗaki da tsaro, ya ba ta numfashin da ya fitar da ƙazantar jikinsa, waɗanda a wurinta taki ne. Hatta launin da ake sha'awa a jikin murjani, ruwan ƙasa da kore da ruwan zuma, galibinsa nata ne. Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ya haura shekara miliyan 150, kuma a kansa ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku suka dogara, alhali ganuwoyin ba su cika ko kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba.

Digiri ɗaya tak ke rushe shi. Idan zafin ruwa ya ɗara abin da aka saba gani a ƙarshen bazarar wurin da digiri 1 a ma'aunin Selsiyos, ya kuma zauna haka makonni huɗu ko fiye, murhun gansakukar yakan lalace. Hasken da take juyawa abinci ya fi ƙarfinta, sai ta shiga fitar da wasu sinadarai masu ƙona naman da take zaune a ciki. Masu bincike sun kuma lura cewa tun kafin a kai nan rabon ya fara canjawa: zafi yana sa maigida yunwa, ita kuma baƙuwar tana ƙara riƙe abin da ta dafa domin kanta. Daga nan sai murjani ya tofar da ita. Namansa ya zama garau kamar gilashi, farin ƙashin da ke ƙasa ya bayyana, ganuwa ta koɗe fat. Wanda ya gan shi a wannan hali zai ce ya mutu, amma da sauran ransa. Yunwa ce yake zaune da ita. Idan ruwan ya huce da wuri, yakan sake karɓar gansakuka, daga 'yan ragowar da suka maƙale a jikinsa ko daga waɗanda ke yawo a ruwa, launi ya dawo. Idan zafin ya daɗe, sai cuta da yunwa su ƙarasa shi. An ga irin wannan koɗewa ta game tekunan duniya a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 da 2017, sannan a Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta tabbatar da ta huɗu. A 2016 kaɗai, ganuwar Ostireliya ta rasa kusan kashi 30 cikin 100 na murjaninta na ruwa marar zurfi.

Duk lokacin da na karanta wannan labari, kalmar da ke fara zuwa bakina ita ce cin amana, sai kuma in rasa wanda zan ɗora wa. Baƙuwar da ta zama guba a gidan da ya rene ta? Ko maigidan da ya kori mai ciyar da shi ranar da ta fi bukatar inuwa? Hankali ya san babu ɗayansu da ke da niyya, kuma inda babu niyya babu laifi. Amma zuciya ta ƙi sakin kalmar, kuma na san dalili. Na taɓa ganin irin wannan kora da idona, a ƙofar gidanmu.

Kogin Haɗeja, wanda ruwan Kano da na Challawa suka haɗu suka haifa, a da yakan cika a ƙarshen damina ya malale fadamu tun daga ƙasar Ringim da Jahun da Miga har Haɗeja da Nguru. Ƙasa ɗaya ce, amma mutum uku ke cinta, kowa da lokacinsa. Ruwa na sama, masunci ne mai ita. Yana janyewa, manomi ya yanke shinkafarsa ya bi danshi da wake ko rogo. In kaka ta wuce, makiyayi ya gangaro da shanunsa su ci kara da harawa a tudu, su ci ɗanyar ciyawa a fadama har ruwan sama ya sauko. Mu namu makiyayin wani dattijo ne da duk gidan muke kira Baffa. Mahaifinsa ya sauka a gonar kakana, shi kuma ya gaji saukar kamar yadda mahaifina ya gaji gonar. Yakan kafa bukkokinsa a gindin wani gawo da ke tsakiyar gonar, ya riƙa matsar da turken shanu daga wannan kusurwa zuwa waccan, har kashinsu ya game ko'ina. Mu muna kai musu damin gero da dusa da gishiri, matansu suna shigowa da nono da man shanu, su zauna a tsakar gida ana hira ana dama fura. Babu takarda, babu shaida. Geron da ke fita a wannan gona, mai kauri da duhun ganye har maƙwabta suna tsayawa kallo, launin shanun Baffa ne. Yana da ɗa sa'ana, wanda ya koya mini yadda ake kiran saniya da sunanta ta ɗago kai, ni kuma na koya masa iyo.

Sai 1984 ta zo. Tun a 1974 aka gama dam ɗin Tiga a kan kogin Kano, ruwan da ke gangaro mana ya riga ya ragu. A 1983 annobar bushiya ta ratsa garkunan Arewa, sannan damina biyu a jere suka gaza. Gero ya bushe a tsaye kafin ya fid da kai, kogi kuwa bai hau fadama yadda ya saba ba. Baffa ya iso da wuri a wannan shekara, wajen wata guda kafin lokacinsa, domin can arewa babu abin da dabba za ta sa a baki. Shanunsa da suka rage ƙasusuwa ne a tsaye. A dare na uku suka tsinke suka faɗa 'yar dawar da ta rage mana a kwari, wadda ita kaɗai muke kallo. Har yau ban sani ba ko tsinkewa suka yi ko sakinsu aka yi. Da safe mahaifina ya tafi gindin gawo, ina biye da shi. Bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum, sannan ya ce, «Baffa, bana sai haƙuri. Karan nan ma sayar da shi zan yi in sayi hatsi.» Dattijon ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, «Na ji, ɗana. Allah ya sa mu ga baɗi.» Kafin azahar sun ɗaure kaya a bayan takarkari.

Shekara arba'in ke nan ina juya wannan safiya, ina tambayar kaina ko mahaifina ya yi laifi. Hujjar da ke wanke shi a fili take, kuma mai ƙarfi ce. Yana da baki goma sha ɗaya da zai ciyar. Shari'a da al'ada duka sun san larura, sun kuma sassauta wa wanda ta kama. Bugu da ƙari, ba shi ya hura wutar ba. Ba a shawarce shi ba ranar da aka yanke cewa ruwan kogin zai tsaya a Tiga domin gonakin Kadawa da famfunan birnin Kano. Haka murjani ma: fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu da motoci ya tare a duniya teku ne ya shanye shi, kuma duk nahiyar Afirka ba ta fitar da ya wuce kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi a shekara, ko da yake wutar iskar gas da ke ci dare da rana a yankin Neja Delta ta hana mu cewa hannunmu fes yake. Masuncin Zanzibar da ya tarar da ganuwarsa ta yi fari, da manomin Harbo da ya tarar da fadamarsa ta tsage, hukuncin wasu ne ya faɗo musu. Wanda ya tsaya yana zargin maigida da baƙonsa a irin wannan hali ya bar jaki yana dukan taiki.

Na yarda da wannan hujja, amma ban yarda ta kai inda masu ita ke son kai ta ba. In larura ta wanke mahaifina tas, to ta wanke wanda ya saki shanu cikin dawarmu da dare, domin shi ma rai yake ceto. In ta wanke su biyun, ta wanke jikokinsu da ke fuskantar juna da kwari da baka da adda a ƙasar Guri da Kiri Kasamma, kowa yana cewa yunwa ce. Sai a wayi gari ga gawa ga toka, kuma babu mai amsa tambaya sai wani dam da wani hayaƙi. Murjani ba ya iya tuna cewa wadda yake tofarwa ita ta ciyar da shi jiya, ba ya kuma iya hango cewa gobe zai neme ta. Mutum yana iya duka biyun, kuma wannan iyawar ce ta sa ake yi masa hisabi. Laifin na nesa, komai girmansa, ba ya cinye na kusa. Duk da haka, in aka ce in yanke hukunci a kan safiyar nan ita kaɗai, zan ce mahaifina ya yi abin da mafi yawan mutanen kirki za su yi, ya kuma yi shi a durƙushe. Laifin da nake gani yana wani wuri, kuma teku ne ya nuna mini shi.

Hayaƙin nan cuta biyu yake yi wa murjani. Zafi ita ce mai ƙara, wadda jiragen sama ke ɗaukar hotonta. Ɗayar ba ta da hoto. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da mutane ke fitarwa narkewa yake yi a cikin teku, kuma in ya narke tsami yake zama. Duk macen da ta taɓa dama kunu ta san faɗan kanwa da tsamiya, ta san ɗaya tana kashe ɗaya. Ruwan teku ɗan gidan kanwa ne tun asali, kuma wannan halin nasa ne ya sa alli ke iya daskarewa a cikinsa ya zama gini. Kafin zamanin masana'antu yana wajen 8.2 a ma'aunin pH, yanzu ya sauko wajen 8.1. A ido tazarar ba komai ba ce, amma yadda ma'aunin ke tafiya, tana nufin ƙarin tsami na kusan kashi 30 cikin 100. Har yanzu ruwan bai bar gidan kanwa ba, wanda ya ɗanɗana ba zai ji komai ba. Sai dai tsamin yana kame sinadarin da murjani ke yin tubali da shi, ya zamana kowane tubali sai an sha wahala kafin a same shi. Ginin ya riƙa fitowa sakwaf, mai ramuka, guguwa ta karya shi cikin sauƙi, tsutsotsin teku su huda shi. Hatta ɓawon da jariran murjani ke sauka a kai su kafa sabon gida, shi ma na alli ne, kuma yana cikin waɗanda tsami ya fi saurin ci. Zafi yakan zo ya wuce. Ganuwar da ta koɗe tana iya farfaɗowa cikin shekara goma zuwa goma sha biyar in an bar ta ta huta, muddin ginin yana tsaye. Tsami shi ke cin ginin da za a dawo a tarar.

Fari ya wuce a ƙasarmu. Ruwan sama ya dawo, har ma ya yi mana yawa a wasu shekarun, kamar 2020 da 2022 da ambaliya ta cinye gonaki da gidaje. Amma Baffa bai dawo ba, kuma ba domin fushi ba. A shekarun da suka biyo baya, lokacin da babu wata yunwa da za mu fake da ita, abubuwa sun yi ta narkewa a hankali. A 1987 gwamnatin tarayya ta hana shigo da alkama, farashinta ya tashi, injinan ban ruwa masu rangwame suka cika fadama, wurin da saniya ke kiwo da rani ya koma kore da alkama da tumatir da albasa. Wannan alheri ne, da kuɗinsa aka biya mini makaranta, ba zan zage shi ba. Sai dai babu wanda ya tsaya ya ce a bar wa shanu mashaya ko da guda. A 1992 aka gama dam ɗin Challawa, kogin ya daina cika da janyewa irin na da, ya koma gudu kaɗan-kaɗan duk shekara, kachala ta samu abin da take so ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya zama tafki na dindindin, wani ya bushe, tsuntsayen jan-baki suka samu masauki. Ƙasar noma ta matse. Sai muka juya kan burtali.

Babu wanda ya taɓa cinye burtali rana ɗaya. Manomin da gonarsa ke bakinsa yakan ƙara kunya guda in ya zo huɗa, kunya ɗaya tak, wadda ko mai unguwa ya gani ba zai ce komai ba. Na ɗaya gefen ya ga haka, shi ma ya ƙara tasa. Baɗi a sake. Dokar makiyayu ta Jihar Arewa tana nan tun 1965, amma doka ba ta kwana a bakin gona. A cikin shekara ashirin, hanyar da garke ke bi a sake ta koma 'yar siririyar da mai keke ke bi yana ɗage ƙafa. Ranar da makiyayi ya biyo ta da shanu hamsin, dole su taka shuka, kuma a ranar kowa zai ga ɓarnar, a kira 'yan sanda, a auna, a biya. Kunyoyin da suka jawo haka babu wanda ya auna su. Hausa ta yi mana gatse da ta ba tudun huɗa da nauyin fuska suna ɗaya a rubuce, ga shi mun yi ta ƙara ɗaya muna rage ɗaya.

A nan ne na ga bambancin da ya raba laifi biyu. Korar da aka yi a shekarar wuya tana da uzuri, kuma tana da gyara, domin an yi ta fuska da fuska, an san wanda aka ɓata wa, ana iya aika masa goro. Cin burtali ba shi da larura, ba shi da ranar da za a ce an yi shi, ba shi da wanda zai ce ni ne. Kowane mai kunya guda yana da gaskiya in ya ce tasa ba ta hana saniya wucewa ba, kamar yadda kowane mai mota a Landan ko Legas yake da gaskiya in ya ce hayaƙinsa bai narkar da murjani ko ɗaya ba. Tarbiyyar da muka gada ta ƙware wajen hukunta laifin da ke da fuska, irin sata da duka da ƙarya. Wanda aka raba shi gutsure-gutsure a kan mutum dubu, har kason kowa ya yi ƙanƙantar da ba ya jin nauyinsa, wannan ba mu da ko sunan kiransa. Ni kuwa ina ganin ya fi wancan muni, domin wancan yana ɓata zama, wannan kuwa yana rushe wurin da za a zauna a shirya. Kuma kason mutum a cikinsa bai zama sifiri ba don ya yi ƙanƙanta. Wanda ya san cewa maƙwabtansa duka suna ƙara kunya, ya san abin da jimlar za ta haifar, sannan ya ƙara tasa, ya sa hannu a jimlar da saninsa.

Dole in amsa cewa misalin nan nawa yana ɗingishi ta wata ƙafa. Na yi ta cewa maigida da baƙo, alhali a Jahun, in ana maganar wanda ya riga wani, ba makiyayi ne baƙo ba. Sunan garin nan Fulani suka ɗauka suka yi nisa da shi, har yau akwai Jafunawa masu jajayen shanu a tsaunukan Adamawa da Bamenda a Kamaru, waɗanda kakanninsu daga nan suka tashi. Da yawa daga cikin masu cin burtalin ma jikokin makiyaya ne da suka zauna suka kama fartanya. Amma ko a wajen murjani, masana sun fara barin wannan rabe-rabe, suna kallon dabbar da gansakukarta da sauran ƙananan halittun da ke jikinta a matsayin rai guda, tunda babu ɗayansu da ke gina ganuwa shi kaɗai. Wataƙila kalmar baƙo ita ce kunyar farko da muka ƙara. Da zarar an kira mutum baƙo, an riga an ce raɓa ne, ana jiran hantsi.

Akwai murjanin da ke tsira daga zafi ta hanyar sauya abokiyar zama, ya ɗauki wata irin gansakuka mai jure zafi. Tana jurewa ɗin, amma marowaciya ce, wanda ya ɗauke ta girmansa yakan ragu. Mu ma mun sauya. Buhun takin zamani ba ya tsinkewa da dare ya shiga dawa, ba ya bukatar a gaishe shi. Sai dai ba ya san shekarar da ba ka da kuɗi, kuma gonar da aka daɗe ana zuba wa yuriya ba tare da kashin dabba ba, ƙasarta kan yi sako-sako, ta kuma yi tsami, tsami na gaske wanda ake aunawa da wancan ma'auni na teku. Gwamnatin Jigawa ta kafa hukumar manoma da makiyaya, an sake shata wasu burtalai da makiyayu, kuma inda aka yi hakan da gaske an ga sauƙi. Amma turakun siminti hanya kawai suke iya dawo da ita. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗa a 2018 cewa in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na ganuwoyin murjani za su tafi, in ta kai digiri 2 kuwa, fiye da kashi 99. A tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai rabin digiri, kuma rabin digirin nan kunyoyi ne na mutane masu yawan gaske, kowa da tasa.

Bara da kaka na je kasuwar Gujungu sayen rago. Ina cikin taya wani, sai mai shi ya tsaya yana dubana, ya kira ni da sunan da rabona da jinsa tun ina yaro, sunan da 'yan rugar Baffa kaɗai ke kirana da shi. Gemunsa ya yi fari kamar nawa. Muka bar cinikin muka koma gindin wata bishiya. Ya ce Baffa ya rasu da daɗewa, a can kudu wajen Binuwai, kuma har ya tsufa in an kawo masa fura yakan ce geron bai kai na gonar gawo ba. Na gaya masa mahaifina ma ya rasu, gonar tana hannuna, gawon yana nan. Ya tambayi rijiyar, ya tambayi kwarin da dawar take. Babu wanda ya ambaci daren nan a cikinmu.

Da za mu rabu na riƙe hannunsa na ce, «Ɗan'uwa, bana in an yi girbi ka kawo su. Karan yana nan, ba zan sayar ba.»

Ya yi murmushi, ya ce, «Madalla, na gode. To ta ina za mu biyo?»

Na buɗe baki zan kwatanta masa, sai na shiga lissafa gonakin da ke kan tsohon burtalin daga bakin titi zuwa gindin gawo. Bakwai ne. Ta ukun tamu ce.